AGOGO BA KIFI BA NE

Ina so in yi magana a kan wani ɗan rubutu wanda da yawanmu ke yawo da shi a wuyan hannu ba tare da mun san ma'anarsa ba. Kwance agogonka ka juya bayansa. Galibi za ka ga an zana WATER RESIST da manyan baƙaƙe, wani sa'in a ƙara 30M ko 50M a gefe. Mai sayarwa a kasuwa kuwa fassararsa guda ce, sai ya ce maka, "Wannan ba ya shan ruwa." Da jin haka sai yaro ya ɗauka an ba shi izinin wanka da wanki da agogo a hannu, har ya shiga kududdufi da damina don ya nuna wa abokai. Bayan kwana biyu gilashi ya yi gumi daga ciki, bayan wata guda agogo ya tsaya cik, kuɗin uba sun bi ruwa. Ra'ayina shi ne wannan rubutu ba alkawari ba ne na har abada, kuma duk wanda ya san abin da ke cikin agogo ba zai yi masa wannan ganganci ba.

Bari mu fara da 30M ɗin. Ruwa yana da nauyi, kuma duk mita 10 da mutum ya nutsa, matsin da ke kansa yakan ƙaru da kwatankwacin matsin iskar da muke zaune a ciki. To, ma'anar 30M ita ce an ƙera agogon yadda zai jure matsin ruwa mai zurfin mita 30, watau rijiya mai wajen gaba 16. Masu ƙira ba ƙarya suka rubuta ba. Amma gwajin ana yinsa ne ga sabon agogo fil, cikin tsabtataccen ruwa marar sabulu, na ɗan lokaci kaɗan. Ba a gwada shi bayan ya shekara 3 yana shan zufa da rana da ƙurar hunturu ba. Shi ya sa su kansu kamfanonin, irin su Casio da Seiko na ƙasar Jafan, suke faɗa a takardun da ke zuwa cikin kwali cewa agogo mai 30M na fantsamar ruwa ne da yayyafi da wanke hannu kawai. Wanda ke son iyo sai ya nemi mai 50M, in da hali ma mai 100M. Masu nutso cikin teku kuwa nasu daban ne, yana da ƙa'idarsa mai lamba ISO 6425, wadda ba ta yarda da abin da ya gaza mita 100 ba. Amma wa ke karanta takardar kwali? A kasuwa ma yawanci ba a ba ka kwalin.

A da can masu ƙira sukan rubuta kalmar da ke nufin ruwa ba ya shiga sam. Kamfanin Rolex ne ya yi suna da wannan, da agogonsa mai suna Oyster na shekarar 1926, wanda wata Baturiya mai iyo, Mercedes Gleitze, ta shiga tekun da ke tsakanin Ingila da Faransa da shi a 1927, ta yi fiye da awa 10 a ruwa, aka duba aka tarar yana aiki. Daga baya aka ga wannan kalma ta yi girma, domin babu agogon da ruwa ba zai shiga ba in an matsa masa. A 1990 hukumar ƙa'idojin ƙira ta duniya ta tsayar da cewa abin da za a rubuta shi ne agogo yana jure ruwa, aka sabunta ƙa'idar a 2010. Ashe tun kafin a haife mu masu abin suka janye alkawarin, mu ne dai labari bai iso gare mu ba.

Yanzu sai mu leƙa ciki, domin a nan ne daɗin zancen yake. Ɗauki Seiko 5, wanda kusan kowane gida an taɓa ganinsa a hannun uba ko kaka, wasu ma tsarabar Makka ce, har da masu sunayen ranaku da Larabci. An fara yinsa a 1963. Ba shi da batir ko kaɗan. A cikinsa akwai wani siririn ƙarfe mai tsawo da aka naɗe kamar gammo, shi ne ma'ajin ƙarfin agogon. A bayansa kuma akwai wani ƙarfe mai nauyi mai siffar rabin faifai, wanda ke juyawa duk sa'ad da ka motsa hannu, juyawar nan ita ke ƙara naɗe siririn ƙarfen. Watau tafiyarka zuwa aji ita ce abincinsa. In ka ajiye shi kamar awa 40 sai ya tsaya, ba don ya lalace ba, yunwa ce kawai. Ƙarfin naɗin nan yana bi ta kan waɗansu ƙananan faifai masu haƙora, ɗaya na tura ɗaya, har ya isa ga wani ɗan zobe mai lilo gaba da baya a kan zaren ƙarfe mai kaurin gashi. Shi ne zuciyar agogo, shi kake ji yana ƙas-ƙas in ka kara a kunne. A injin da ake kira 7S26, wanda Seiko ya fito da shi a 1996, wannan zobe yakan buga sau 6 a sakan ɗaya, sau 21,600 a awa. Masu son lissafi su ninka da 24, za su sami 518,400 a yini, babu hutun Asabar babu na Lahadi.

Akwai kuma rubutun 21 JEWELS da ke ruɗin mutane, har wani ya ce agogonsa cike yake da lu'ulu'u. Yaƙutu ne dai, amma na haɗi da ake yi a masana'anta, kuma ba shi da wata tsada. Amfaninsa shi ne yana da tauri da santsi, don haka ake kafa ƙafafun faifan nan a kansa don kada su cinye, a ɗiga musu mai ɗan mitsitsi wanda bai kai kan allura ba. To, ka ga irin wannan wuri, ɗigon ruwa ɗaya ya ishe shi. Ruwa zai ɓata man, ƙarfe ya kama tsatsa, haƙori ya cije. Kuma tsatsa ba ta sallama, tana cin ciki alhali waje yana ƙyalli.

Agogon batir kuwa hanyarsa daban ce. Seiko ne dai ya fara sayar da irinsa na hannu mai kwatz, ran 25 ga Disamba 1969, a kan kuɗin da za su iya sayen ƙaramar mota a Jafan a lokacin. Yau ga shi a hannun 'yan aji ɗaya. A cikinsa akwai wani ɗan ƙanƙanen dutse mai kama da gilashi da ake kira kwatz, wanda in wutar batir ta ratsa shi sai ya yi ta makyarkyata sau 32,768 a sakan. Wannan adadi ba da ka aka zaɓe shi ba. Raba shi biyu, ka sake raba abin da ka samu biyu, ka yi haka sau 15, za ka dawo kan 1, sakan guda ke nan. Shi ya sa agogon batir mai araha ya fi na naɗi mai tsada faɗin gaskiyar lokaci. Amma shi ma ruwa maƙiyinsa ne, domin wuta da ruwa ba su shiri.

Me ke tsare duk wannan kaya daga ruwa? Ba kaurin ƙarfe ba ne, ba kuwa sunan kamfani ba. Waɗansu siraran zobban roba ne da kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Akwai ɗaya a ƙarƙashin murfin baya, ɗaya a bakin gilashi, ɗaya a jikin ɗan maɓallin gefe da ake saita lokaci da shi, in kuma agogon mai maɓallan dannawa ne, kowane yana da nasa. Roba kuwa kowa ya san halinta, dubi silifas ɗin da aka bari a rana. Tana bushewa, ta taurare, ta tsage. Sabulu da ruwan zafi da turare suna gaggauta mata tsufa. Kamfanin Casio da kansa yana ba da shawarar a sake zobban nan duk bayan shekara 2 ko 3. Ina tambaya, a cikinmu wa ya taɓa kai agogo don a sake masa roba?

Babbar ƙofar ɓarna ma ita ce ranar da batir ya ƙare. Sai a kai wa mai gyara a bakin kasuwa, ya ɓanɓare murfi da wuƙa, zoben ya faɗi ƙasa ko ya miƙe, ya mai da murfi haka nan, ya karɓi kuɗinsa. Rubutun 50M yana nan a baya daram, amma abin da ke sa shi zama gaskiya ya tafi. Ba na zargin masu gyara duka, akwai gwanaye a cikinsu waɗanda ke tsabtace zoben su shafa masa mai kafin su rufe. Sai dai mai kaya ne ya kamata ya tsaya a kai ya ce a nuna masa zoben.

Masu ƙirar da suka fi burge ni a wannan fanni su ne na garin Chistopol a Rasha. A 1967, zamanin Tarayyar Sobiyet, Mikhail Novikov da Vera Belova suka tsara agogon Vostok Amphibia mai jure mita 200. Maimakon su yi kokawa da matsin ruwa, sai suka mai da shi bawansu. Sun yi murfin baya yadda in ruwa ya matsa shi sai ya ƙara danne wani faffaɗan zoben roba, gilashin kuma na roba ne mai kauri wanda ke baɗewa ya ƙara toshe bakinsa. Watau iyakar nutsonka iyakar ƙara rufewarsa. Wanda bai san shi ba in ya kwance maɓallin gefen ya ji yana girgiɗi sai ya ce ya karye, alhali da gangan aka yi shi haka don kada bugu ya lanƙwasa sandar da ke shiga ciki. Duk da wannan dabara, shi ma a kan roba ya dogara.

Mu a nan makaranta ba teku gare mu ba, famfo gare mu. Mai alwala sau 5 a yini zai jiƙa hannu har gwiwa sau 1,825 a shekara, ban da wankin ranar Asabar da wanke kwano. Agogo mai lafiyayyar roba zai jure alwala, amma ni dai na ga cire shi ya fi, ruwa ya game hannu sosai, agogo kuma ya huta. Sai dai a sa shi a aljihu, kada a ɗora a kan katangar famfo, domin agogon da ruwa ya ci ana iya gyara shi, wanda aka manta a bakin famfo kuwa sai dai labari. Kada kuma a danna maɓalli ko a ja na gefe alhali agogo yana jiƙe, wannan buɗe wa ɓarawo ƙofa ne.

Ga iyayenmu kuwa ina da roƙo. Yaron da za a kai makarantar kwana ba ya bukatar agogo mai ƙyalƙyali. Casio F-91W ya ishe shi, ɗan baƙin nan na roba da aka fara yi a 1989 kuma har yanzu ana yinsa. Nauyinsa giram 21, batirinsa yakan kai shekara 7, kuskurensa bai wuce sakan 30 a wata ba, ga ƙararrawa mai tashin mutum da asuba kafin shugaban ɗaki ya iso da bulala. Da yake ba a yawan buɗe shi, robarsa takan daɗe. Wani zai ce araha ba ta ado. Gaskiya ne, amma ba ado aka aiko mu yi ba. Matsalar ɗaya ita ce jabunsa ya cika kasuwa, shi kuwa jabu rubutun kawai ya kwafa, bai kwafi robar ba. In an ce maka kuɗinsa bai kai na kwanon abinci ba, to, ka san abin da ka saya.

Tsohon Seiko na Baba kuma a bar shi a gida tukuna. Irin waɗannan agoguna yanzu akwai masu neman su a ƙasashe da dama suna tarawa, kamar yadda ake tara tsofaffin kuɗi da kan sarki, domin suna da araha kuma ana iya gyara su. Dubi HMT na Indiya, wanda ya fara ƙera agogo a 1961 da taimakon kamfanin Citizen, aka rufe masana'antunsa na agogo a 2016. Da aka rufe sai masu tarawa suka ƙara neman irin su HMT Janata, har 'yan damfara suka shiga sake fentin fuskar tsofaffi suna sayarwa a matsayin na asali. Abin da masu tarawa ke dubawa shi ne fuskar da ba a taɓa ba da injin da tsatsa ba ta ci ba, su biyun kuwa ruwa ne ke fara lalata su. Agogon da ya shekara 40, kome aka rubuta a bayansa, a ɗauka ba ya jure ko yayyafi sai an sake masa roba.

In kuwa ƙaddara ta riga fata ka ga gumi a cikin gilashi, kada ka jira ya bushe da kansa, kada kuma ka tura shi cikin buhun shinkafa ka ce ka yi magani. Gumin da ya ɓace daga gilashi bai fita ba, komawa ya yi cikin inji. A kai wa mai gyara ran nan ko kashegari, ya buɗe, ya busar, ya zuba mai. A nan makaranta wannan yana nufin neman izinin fita daga malamin gida, kuma ya fi sauƙin samu in ka je da agogon a hannu ka nuna masa gumin.