Haihuwa a Gida: Jinin Uwa Ake Fara Dubawa

Sanin kowa ne cewa a ƙasar Hausa akasarin mata a ɗakunansu suke haihuwa. Binciken lafiyar al'umma da aka gudanar a Nijeriya a shekarar 2018 ya nuna cewa kashi 39 cikin ɗari ne kawai na haihuwa ke faruwa a asibiti, a shiyyar Arewa maso Yamma kuwa adadin bai kai kashi 20 ba. Binciken ya kuma ƙiyasta cewa mata 512 ke rasuwa a cikin kowace haihuwa 100,000. Masu zaɓen gida suna da hujjojinsu: nisan asibiti, kuɗin mota da na magani, tsawar wasu ma'aikata, da kuma kunya. Ba daidai ba ne a tattara waɗannan duka a kira su jahilci. Kuskuren yana wajen lokacin yanke shawara, domin sau da yawa sai naƙuda ta kankama ake fara tunanin inda za a nufa, alhali ya kamata a gama wannan magana tun ciki yana ƙarami.

Dalibin ilmin halitta zai gane dalili idan ya dubi yadda jini ke aiki. A lokacin goyon ciki yawan jinin mace yakan ƙaru da kusan rabi, kuma gab da haihuwa fiye da rabin lita na ratsa mahaifa a kowane minti ɗaya. Da zarar mabiyiya ta rabu da bangon mahaifa, hanyoyin jinin nan sai su kasance a buɗe, tsokar mahaifa ce za ta tsuke ta matse su. Idan ta gaza, jini ya ɓalle ke nan, kuma yana iya kashe mace cikin sa'o'i biyu. Likitoci kan ɗauki zubar rabin lita a matsayin iyaka. Mai isasshen jini takan jure wannan asara ta warware, amma wadda ta shiga naƙuda da ƙarancin jini ba ta da rarar da za ta bayar. Ashe ke nan abin da ta ci a watannin baya yana cikin abubuwan da za su yanke hukunci a ranar.

Jajayen ƙwayoyin jini da sinadarin ƙarfe ake gina su. Ana samunsa a nama da kifi, da wake, da ganyaye irin su zogale da rama da alayyafo. Na jikin ganye ba ya shiga jiki da sauƙi kamar na nama, sai dai lemo ko gwaba ko tumatir, saboda bitamin C da ke cikinsu, suna taimaka masa. Shayi kuwa akasin haka yake yi, don haka gara a raba shi da lokacin cin abinci. Camfin da ke hana mai ciki ƙwai ba shi da tushe, haka ma rage mata abinci wai don kada ɗa ya yi girma ya ba da wuya. Yunwa uwa take raunanawa, ta kuma jawo haihuwar jariri maras nauyi. Duk da haka tuwo da miya kaɗai ba kasafai suke biyan bukatar ƙarfe ba, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta riƙa shan ƙwayar ƙarfe mai miligiram 30 zuwa 60 tare da folik asid kowace rana. Zazzaɓin cizon sauro ma yana farfasa jajayen ƙwayoyi, saboda haka gidan sauro da maganin rigakafin da ake bayarwa wurin awo suna cikin lissafin.

Awon ciki shi ne ke bambance wadda gida zai iya yi mata da wadda ba zai yi ba. Tun shekarar 2016 hukumar ta ɗaga yawan zuwa awo daga sau huɗu zuwa takwas. A can ne ake gano hawan jinin da ke rikiɗewa ya zama jijjiga, da tagwaye, da ɗan da ya kwanta a gicciye. Babu ungozomar da za ta gane hawan jini da ido. A Zariya, Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa sun bi diddigin haihuwa fiye da 22,000 daga 1976 zuwa 1979, suka tarar cewa mace-mace sun taru ne a kan matan da ba su taɓa zuwa awo ba, waɗanda sai abu ya ɓaci ake ɗauko su.

Wani zai ce ai a Turai ma ana haihuwa a gida. Gaskiya ne, amma da ƙwararriyar ungozoma a gefe, da motar asibiti a shirye. Wani babban bincike da aka wallafa a Ingila a 2011 ya nuna cewa gida bai ƙara haɗari ga lafiyayyar macen da ta taɓa haihuwa ba. Masu cikin fari kuwa, kashi 45 cikin ɗari na waɗanda suka fara naƙuda a gida sai da aka kwashe su zuwa asibiti. A nan al'adar goyon ciki ta zo da matsala, domin mai cikin fari ce ake mayarwa gidan iyayenta, wataƙila a ƙauyen da mota ba ta shiga da damina, kuma ita ce aka fi sa ran za ta danne ciwo ta yi shiru. Idan yarinya ce da ƙugunta bai gama buɗewa ba, kan ɗa zai tokare, ya danne mafitsara na kwana da kwanaki har naman wurin ya mutu. Asalin yoyon fitsari ke nan, kuma cibiyar Babbar Ruga da ke Katsina ta shafe shekaru tana ɗinke irin wannan rauni. Yankan gishiri da ake yi don buɗe hanya ƙara ɓarna yake yi.

Saboda haka mai cikin fari, da wadda aka taɓa yi wa tiyata, da mai tagwaye, da mai hawan jini ko ƙarancin jini, da wadda ta haura haihuwa biyar, wurinsu asibiti ne. Wadda awo ya wanke, idan har gida aka zaɓa, to a nemi ma'aikaciyar lafiya mai horo da za ta zo da maganin tsuke mahaifa, a tanadi sabuwar reza da man kulohekzidin na cibiya, a ajiye kuɗin mota, a san direban da za a tasa cikin dare. Wajibi ne kuma maigida ya ba da izinin fita tun da wuri, kada mata su zauna jiran dawowarsa jini na zuba. Naƙudar da ta wuce sa'o'i 12 ba ta jiran wayewar gari.

Hatta bayan an sauka lafiya akwai sauran aiki. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego, suka danganta shi da kunun kanwa da wankan ruwan zafi da kwanciya a kan gadon wuta. Kanwa cike take da sinadarin da ke cikin gishiri, mai sa jiki ya tara ruwa, zuciyar da ta riga ta gaji kuma ta kasa ɗaukar nauyin. Mai jegon da ƙafafunta suka kumbura, ko numfashi ke yi mata wuya idan ta kwanta, a dakatar da kunun a kai ta ga likita.