Tsohuwar Jif Da Sabuwar Ƙwaƙwalwa

Akwai wata tsohuwar Land Cruiser ƙirar FJ40 da na gada daga mahaifina, Allah Ya jiƙansa. Kamfanin Toyota ya ƙera irinta daga 1960 zuwa 1984, kuma tawa tana ɗauke da injin 2F mai silinda shida. Ita ke kai ni ƙauyuka idan zan naɗi muryoyin dattawa don nazarin karin harshe, a hanyoyin da ƙaramar mota ba ta tunkara da damina. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, shan manta ya zame mini ƙarfen ƙafa, har na karɓi shawarar cire kafireta a sa mata injekta.

Mai karatu, injin fetur yana buƙatar iska da mai a gauraye bisa ƙima, wajen kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na mai a ma'aunin nauyi. Kafireta da zuƙar iska kawai take yin wannan haɗi: iska na ratsa ƙuntataccen maƙogwaro, sai ta janyo mai daga wani ɗan ƙoƙo. Idan mota ta karkace a gangare, man ƙoƙon ya kan koma gefe guda, injin ya shaƙe ko ya mutu. Idan kuma ka hau tudu irin na Jos, inda iska ba ta da kauri, kafireta ba ta san an hau ba, sai mai ya rinjayi iska, baƙin hayaƙi ya biyo baya.

Injekta kuwa famfon lantarki ne ke turo mai da ƙarfi, sannan wata 'yar kwamfuta ta karɓi rahoton zafin injin, da buɗewar totur, da ragowar iskar da ke cikin hayaƙin salansa, ta yanke adadin man da za a fesa. Fasahar ba sabuwa ba ce. Kamfanin Bosch ya sa ta a Volkswagen tun 1967, Toyota ma ta sa wa Land Cruiser FJ62 injin mai injekta a 1988.

Tsakani da Allah, na ga amfani. Da sanyin hunturu bugu ɗaya take tashi, ba ta ƙara mutuwa a hawa ba, shan mai ma ya ragu, ko da yake tsohon inji mai nauyi ba zai koma na Keke Napep ba. To amma ranar da ta tsaya mini a daji, bakaniken da ya shekara ashirin yana gyara ta, wanda da kunne kaɗai yake gane ciwonta, ya zo ya tsaya yana kallon wayoyi. Waya guda ce ta saki, amma sai da muka kwana. Kafireta ana kwance ta a gindin bishiya da sukurdireba. Injekta kuwa da lambobi take faɗin ciwonta, fassarar lambobin kuma da Turanci take. Wannan ne ya sa a garejojinmu aka daɗe ana yin akasin abin da na yi, wato a cire injektar motocin 'yan Kwatano a mayar da su kafireta.

A ganina laifin ba na kanikawanmu ba ne. Mutanen da suka hausantar da kafireta, da fulogi, da totur, da salansa, har suka raɗa wa 'yar kwamfutar nan suna ƙwaƙwalwa, ba su rasa basira ba. Abin da suka rasa shi ne bayani cikin harshen da suke tunani da shi. Don haka nake kira ga ƙungiyar kanikawa ta NATA, da kwalejojin fasaha, da mu malaman harshe a jami'o'i, mu haɗa hannu mu samar da littafin gyaran injekta da Hausa, da kalmomin da ake amfani da su a gareji, ba waɗanda muka ƙirƙira a ofis ba.

Masu tara tsofaffin motoci a Turai da Amurka kan ce irin wannan sauyi ɓata asali ne. Su ado suke yi da ita, mu kuwa jakin gida ce. Shawarata ga mai niyya ita ce: ka yi, amma a yi aikin a gaban bakanikenka don ya koya, ka riƙa tafiya da famfo da matatar mai na ko-ta-kwana, sannan ka adana tsohuwar kafiretarka a akwati. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Allah Ya sa mu dace.