Kunyar Dankali Ba Abin Kunya Ba Ce

Akwai wata cuta da ta ke yaɗuwa a gidajen ma'aikata, watau yaro ya tashi yana ganin riƙon fartanya ƙasƙanci ne, don ubansa mai riƙon alƙalami ne. Laifin ba na yaron ba ne. Uban da ba ya duƙawa, ɗansa ba zai duƙa ba. Ga shi kuwa albashi ba ya kai ƙarshen wata, alhali bayan gida fili na kwance sai ciyawa.

Shawararmu ga akawuna da malaman makaranta ita ce kowa ya tayar da kunya biyu ko uku ta dankali a gidansa, ya danƙa wa 'ya'yansa. Mun zaɓi dankali ne don ba ya neman jari. Yaɗonsa a ke yankowa, tsawon kamar inci 12, a binne rabi cikin kunya idan damina ta zauna, wajen Yuni ko Yuli. Yara su yi noma sau ɗaya ko biyu, daga nan ganye ya rufe ƙasa ya danne ciyawa. In ƙasa ta tsage su rufe, don ta nan ƙwaro ya ke shiga ya ɓata 'ya'yan. Cikin wata 3 zuwa 4 sai haƙa. Ganyen ma a kan sa a miya.

Wanda ya sami iri mai jan ciki ya fi dacewa, gama yana ɗauke da sinadarin bitamin A, wanda rashinsa ke kawo dundumi ga yara. Cibiyar bincike ta Umudike ta fitar da irinsa ga manoman Nijeriya a 2012 da 2013. A tambayi malamin gona.

Amma babbar riba ba ta tukunya ba ce. Yaron da ya dasa da hannunsa, ya jira wata huɗu, ya ga an dafa guminsa an ci, ya koyi haƙuri da darajar abinci, ba zai kuma raina manomi ba ran da ya zauna a ofis. Ice tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Saboda haka kada daminar bana ta wuce. Malami ya tuɓe riga ya fara saran farko, yara za su bi.