Dashen haƙori ba a kujerar likita yake ƙarewa ba

Wata sabuwar hanyar kyautata wa iyaye ta shigo tsakanin ma'aikata 'yan boko. A ɗauko dattijo daga ƙauye, a kai shi asibitin haƙori a Kano ko Abuja, wani lokaci har Alƙahira, a biya maƙudan kuɗi a dasa masa haƙori, bayan kwana biyu ko uku a sa shi a mota ya koma gida da takardar umarni ta Turanci da ƙullin magunguna. Niyyar tana da kyau. Amma idan gidan nan a Gidan Goga yake, cikin ƙaramar hukumar Maradun ta jihar Zamfara, rabin magani aka yi, kuma rabin da aka bari shi ne mai haɗarin. Laifin na mutum biyu ne: likitan da ya sallami majinyaci bai tambayi inda zai yi jinya ba, da ɗan da ya ɗauka biyan kuɗi shi ne ƙarshen ɗawainiya.

Dashe ya bambanta da haƙorin Makka, wanda lulluɓi ne kawai ake yi wa haƙori. Tiyata ce sosai. Ana tsaga dasashi, a huda ƙashin muƙamuƙi, a ɗaura 'yar ƙusa ta ƙarfen taitaniyom, sannan a ɗinke. Wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Per-Ingvar Branemark, shi ya lura a 1952 cewa ƙashin zomo ya manne da wannan ƙarfe har ya ƙi rabuwa da shi. A 1965 ya dasa wa mutum na farko, wanda ya rayu da dashen har rasuwarsa a 2006. Sirrin nasarar shi ne wannan mannewar, kuma tana ɗaukar wata uku zuwa shida kafin a ɗora haƙorin dindindin a kai. Aikin likita na awa ɗaya ne ko biyu. Sauran duk a gida ake yin sa.

Takardar da ake ba majinyaci kuwa an rubuta ta ne domin gida mai firji da famfo da kwalta a ƙofa. Ta ce a ɗora ƙanƙara a kumatu, ta ce a kira likita idan jini ya ƙi tsayawa, ta ce a dawo cire ɗinki bayan kwana 7 zuwa 14. Ina mutumin Gidan Goga zai sami ƙanƙara? Kiran waya ma ba tabbas ba ne a jihar da aka katse layukan sadarwa na tsawon makonni a watan Satumbar 2021 saboda yaƙi da 'yan bindiga. Komawa asibiti kuma yana nufin bin hanyoyin yankin Maradun, inda matafiyi ke sauraron labarin hanya kafin ya hau babur, har ya kai Talata Mafara ya kama titin Gusau ko na Sakkwato. Duk umarnin da ba ya biyuwa a inda majinyaci yake, kariya ce kawai asibiti ya yi wa kansa.

Abin da takardar ta yi shiru a kai ya fi abin da ta faɗa yawa. Ba ta san goro ba, alhali shi dattijo zai fara lalubowa a aljihu. Ba ta san asuwaki ba, wanda tsinkensa kan iya tsokane ɗinki. Ba ta san koko mai tururi ba, ko rake da kilishi da gyaɗa da 'yan dubiya za su kawo, ko garin taba da ake cusawa a leɓe. Ba ta san cewa idan zafi ya taso kemis za a aika yaro ya sayo Alabukun ba, wanda asfirin ɗin cikinsa ke tsinka jini. Da an yi bayanin da Hausa, da kalmomi kaɗan sun wadatar. Ranar farko kada a kurkure baki, kada a yawaita tofar da yawu, domin gudan jinin da ya toshe raunin shi ne murfinsa. Daga rana ta biyu a riƙa kurkurewa a hankali da ruwan da aka tafasa ya huce, da ɗan gishiri. A sha fura da nono da kunun da ya huce, a ci tuwo mai laushi ta ɗaya ɓangaren. Kumburi yakan kai ƙarshensa a kwana na biyu ko na uku, sannan ya fara saɓewa. Idan kuwa ya ci gaba da ƙaruwa, ko zazzaɓi ya shigo, ko mugunya ta fito, ko leɓe ya mutu ya ƙi farfaɗowa, ko ƙusar ta fara motsi, to maganar ta wuce ta gida. Kumburin da ya gangara ƙasan haɓa har haɗiya ko numfashi ya yi wuya kan iya kisa.

Masu kare likitoci za su ce tsaron hanya da wutar lantarki ba aikin asibitin haƙori ba ne. Gaskiya ne, amma tambaya aikinsa ce, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Likitan da bai auna sugan dattijo ba, bai tambaye shi shan taba ba, alhali su biyun suna cikin manyan abubuwan da ke lalata dashe, ya sayar da ƙarfe ne, bai yi magani ba. Misalin yadda ake yi ma ba nesa yake ba. A Sakkwato akwai asibitin da aka kafa a 1999 domin cutar da likitoci ke kira noma, mai cinye baki da fuskar yara, wanda ƙungiyar likitoci ta MSF ke tallafa wa tun 2014. A can tiyata tafe take da ciyarwa da motsa muƙamuƙi da bibiya, kuma kyauta. Idan an iya yi wa 'ya'yan talakawa haka, asibitin kuɗi ba shi da hanzari.

'Ya'ya kuma za su ce Baba ne ya ƙi zaman birni, hankalinsa yana kan gona da iyali. Ba a fafe gora ranar tafiya. A sa aikin bayan kaka, a gaya masa tun kafin a taɓa bakinsa cewa mako biyu zai yi kusa da asibiti har a cire ɗinki, kuma zai sake dawowa. A naɗi bayanin likita da Hausa a wayar wanda zai yi jinya, a rubuta shi da boko ko ajami. A karɓi takardar da ke bayyana aikin da aka yi, wadda za a nuna a babban asibitin Talata Mafara ko a Gusau idan abu ya rikice.

Inda waɗannan ba za su samu ba, haƙorin roba da ake sawa a cire ya fi dacewa. Ba ya buƙatar huda ƙashi, kuɗinsa kaɗan ne, kuma idan ya karye gyara ake yi, ba tiyata ba. Ba ya burge abokan aiki kamar dashe, amma dattijo tauna yake nema. Ɗan da ba zai iya ware mako biyu na jinya ba, bai shirya biyan kuɗin dashe ba, komai kaurin albashinsa.