Gayyar Rubuta Bayani: Ina Tamu Fartanyar?

Ina so in yi amfani da wannan fili da Edita ya ba ni in jawo hankalinmu ga wani aiki da ake yi a duniya wanda ba a buga masa ganga, alhali kuwa kusan kowane gida a Illela yana cin moriyarsa.

Kowace kwamfuta tana da wata babbar manhaja wadda ke tafiyar da ita, kamar yadda direba ke tafiyar da mota. In babu ita, kwamfuta ƙarfe ce kawai da roba. Wasu kamfanoni suna ƙera irin wannan manhaja su kulle asirinta, su sayar. Amma a shekarar 1991 wani ɗalibin Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, mai suna Linus Torvalds, ya fara rubuta tasa, wadda aka sa wa suna Linux, ya kuma bar asirinta a buɗe. Kowa yana iya dubawa, ya gyara, ya raba wa jama'a, da sharaɗin shi ma in ya raba kada ya kulle. Daga wannan tushe aka sami Debian a 1993, da Ubuntu a 2004. Har wayoyin Android da ke aljihun mutanen garin nan, a kan Linux aka gina su.

To, amma kyauta wadda ba a san yadda ake amfani da ita ba, ina amfaninta? Hausawa sun ce a rashin sani kaza ta kwana a kan dami. Wannan ne ya sa tun a 1992 wasu 'yan sa-kai suka ɗaura ɗamarar rubuta wa Linux littattafan bayani. Har gobe ana wannan aiki, kuma ba na mutum ɗaya ba ne. Wani ya rubuta yadda ake ɗora manhajar a kan kwamfuta. Wani ya bi bayanin daki-daki, ya gwada, ya ga ko gaskiya ne. Wani ya share abin da ya tsufa ya daina aiki. Wani ya kasa bayanan babi-babi don mai nema ya samu da sauri. Wani kuma ya juya su cikin harshen mutanensa. Yawancinsu ba su taɓa ganin juna ba, ba kuma wanda ya yi musu alkawarin ko kwabo.

Mu nan ba baƙon abu ba ne gare mu. Sunansa gayya. In damina ta kankama, gonar wani ta fi ƙarfinsa, samari sukan taru da fartanyoyinsu su nome masa ita rana ɗaya. Bambancin kawai shi ne, gonar waccan gayya ta kowa da kowa ce, kuma amfaninta ba ya ƙarewa don an ɗiba.

Ra'ayina shi ne, mai rubuta bayani bai gaza mai ƙera manhaja daraja ba, kuma lokaci ya yi da mu ɗaliban ƙasar Hausa za mu shiga wannan gayya da harshenmu. Mu dubi tarihin Sakkwato. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello sun wallafa littattafai masu yawa. Amma wa ya kai su birni da ƙauye? Almajirai ne da magwafa, waɗanda suka zauna da tawada da alƙalami suna kwafa da hannu, da yawansu ba a ma san sunayensu ba. Nana Asma'u kuwa, wadda ta rasu a 1864, ta mai da ilimi cikin Hausa da Fulatanci, jajojinta suka ɗauka suka kai wa mata har ɗakunansu. Ashe ke nan kakanninmu sun riga sun gane cewa ilimi ba ya isa ga talaka sai an sami mai bayyana shi, da mai tsara shi, da mai kai shi.

Yanzu mu dubi halin da muke ciki. Tun 1915 ba ce ba, jiya-jiyan nan ne, watau 2015, hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta duka ta kwamfuta. Ɗalibin da bai saba da na'urar ba, ko da ya san amsa, hannunsa na iya kayar da shi. Tsohuwar kwamfuta da aka jingine a lungu tana iya tashi ta yi aiki in aka ɗora mata Linux, ba tare da an biya kuɗin lasisi ba. Sai dai bayanin yadda ake yin haka yawanci da Turanci yake, ko Faransanci, ko Jamusanci. Na Hausa kaɗan ne ƙwarai.

Daɗin daɗawa, zamanmu a bakin iyaka ya ƙara mana nauyi. Mu nan da Turanci ake koya mana. 'Yan'uwanmu na Birnin Ƙwanni, da ke tsallaken iyaka cikin Nijar, da Faransanci ake koya musu a lakwal. Amma ran Lahadi in kasuwar Illela ta cika, da wane harshe ake cinikin shanu da albasa? Da Hausa. Mai gyaran waya na nan da na can, shafi ɗaya na bayani da Hausa ya ishe su duka biyu. Ba kowane gari ke da wannan dama ba.

Na san iyayenmu za su ce, "Mun kai ka makaranta ka ci jarrabawa, ba ka yi wa mutanen da ba ka sani ba aikin banza ba." Maganarsu tana da nauyi, don guminsu ne ke biya mana littafi da tufafi. Ba kuwa ina cewa a bar karatu ba. Sa'a ɗaya a mako ta isa. Sa'an nan duk wanda ya taɓa koya wa ƙanensa lissafi ya san ba ka fahimtar abu sosai sai ran da ka tashi bayyana shi ga wani. Mai juya bayani daga Turanci zuwa Hausa yana ƙara Turancinsa, da Hausarsa, da sanin kwamfutarsa, a zama ɗaya. Bugu da ƙari, rubuta irin wannan bayani sana'a ce da kamfanoni ke biyan albashi a kanta, kuma aikin da mutum ya yi a fili shi ne shaidarsa ran neman aiki.

Wasu kuma za su ce mu yara ne, me muka sani? Ai sabon shiga ya fi kowa sanin inda ake tuntuɓe, don gwani ya daɗe da mantawa. Ga misali nan kusa: Wikipedia, wadda aka kafa a 2001, tana da sashen Hausa mai dubban maƙalu, kuma 'yan sa-kai ne irinmu suka rubuta su.

Sai dai akwai haɗari guda wanda bai kamata a ɓoye ba. Bayanin ƙarya ya fi rashin bayani ɓarna, don yana iya sa mutum ya share duk abin da ya ajiye a na'urarsa. Saboda haka in za mu fara, mu kafa wa kanmu dokoki uku. Kada kowa ya rubuta abin da bai gwada da hannunsa ba. Kowane shafi a sa masa ranar da aka rubuta shi, don a san ran da ya tsufa. Kalmomin da za mu yi amfani da su kuwa, mu zauna da malamin Hausa da na kwamfuta a daidaita su, kada abu ɗaya ya tashi da suna uku.

Ina roƙon shugaban makaranta ya ba mu izinin kafa ƙungiya, iyayenmu kuma su sa mana albarka. Mu fara da ɗan littafi mai shafi goma, kan yadda ake kunna kwamfuta, da buga rubutu, da ajiye shi. Mu bar wa 'yan aji ɗaya shi, su gyara, su ƙara, su ma su bar wa na bayansu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah ya sa mu dace, amin.