A Gina Rumfar Renon Dashe Kafin Mu Tafi

Ni ɗan Kafinsoli ne, a Ƙaramar Hukumar Kankiya, kuma da kuɗin tumatir da tattasai aka biya min kuɗin makaranta tun daga shekarar farko har yau da nake shirin miƙa furojet. Saboda haka idan na yi maganar dashe, maganar tukunyar gidanmu nake yi.

Bara Baba ya sayi irin tumatir na gwangwani, mai tsadar nan da ake cewa haibirid, ya watsa a fangali a bakin lambu kamar yadda ya saba. Kaji suka tone gefe guda, ruwan ƙarshen damina ya kwantar da wani gefen, wanda ya tsira kuma farin ƙuda ya sauka a kansa, ganye ya nannaɗe tun kafin a kai gona. Da na je hutu ya dube ni ya ce, "To malam mai difloma, mi aka koya maku a kan wannan?" Wallahi kunya ta kama ni. Na san amsar a takarda, amma ban taɓa yi da hannuna ba.

Amsar ita ce a reni iri a wuri rufaffe. Da yawanmu da an faɗi haka sai mu hango gidan gilashi irin na Holan, ko katafaren gidan renon dashe da kamfanin tumatir na Dangote ya gina a Kadawa, Jihar Kano, sai mu ce ai wannan sai masu kuɗi. Amma Turawa sanyi suke gudu, shi ya sa suke rufewa da gilashi. Mu nan a watan Afrilu zafi kan haura digiri 40. Ka rufe dashe da leda ruf a bazara, ka dafa shi ke nan. Abin da muke gudu shi ne ƙwari, dabbobi, dukan ruwan sama da zafin rana. Maganinsu rumfa ce ta katako ko ƙarfe, a zagaye ta da raga mai ƙananan idanu, a sa ragar inuwa a sama. Leda sai a daren hunturu, ko a matsayin rufi lokacin damina.

A cikin rumfar, ƙwaya ɗaya ake sa wa kowane rami na faranti, ko kowace ledar fiya wata da aka huda ƙasanta. Ga su nan zube a bayan hostel. A haɗa ƙasa da yashi da taki wanda ya ruɓe sosai. Tumatir kan isa dashe a mako huɗu zuwa biyar, tattasai da attarugu sai sun kai shida zuwa takwas. Kada a cika ruwa, domin yawan danshi ne ke sa gindin tsiro ya ruɓe ya faɗi. Saura mako guda a kai gona, a rage ruwa, a riƙa fitar da su rana don su saba. Wanda ya tuna yadda tsutsar da manoma ke kira sharon ta cinye gonakin tumatir a Kano da Katsina da Kaduna da Jigawa a 2016 ya san amfanin dashen da ya fita daga reno ba ƙwan ƙwaro a jikinsa. Raga ba za ta bi shi gona ba, amma ya fara rayuwa da lafiya.

Ba iri kaɗai ba. Zogale da lalle suna kamawa daga reshe. Ƙaramin reshe idan aka kifa masa gorar ruwa da aka yanke gindinta, aka ajiye a inuwa, danshi ba ya gudu har ya yi saiwa. Mangwaro da lemo kuma a reno ake yi masu aure. Katsina na cikin jihohi 11 na shirin Babbar Ganuwar Itatuwa, wanda aka kafa wa hukuma a 2015. Kowace bishiya da za a dasa sai wani ya rene ta, kuma sai an biya shi. Me zai hana ya zama ɗayanmu?

Na san abin da za a ce. Na farko, ba kowa ke karatun noma ba. Gaskiya ne, amma 'yan injiniya su ne za su yi waldar ƙarafa, 'yan akanta su riƙe littafin ciniki, 'yan kasuwanci su nemo masu saye. Na biyu, wa zai yi ban-ruwa idan an tafi hutu? Wannan tambaya ce mai nauyi, domin dashe ba ya jure ƙishin kwana biyu. Sai a tsara shuka ta ƙare kafin hutu, abin da ya rage a damƙa wa ɗaliban da ke zaune cikin gari, a biya su daga kuɗin ciniki. Idan ba za a yi wannan tsari ba, gara kada a fara.

Don haka ina kira ga shugabannin Ƙungiyar Ɗalibai: daga kuɗin da muke biya duk shekara, a rage na liyafar makon ɗalibai, a nemi hukumar makaranta ta ba da ɗan fili kusa da famfo. A fara da rumfa guda, mita huɗu a faɗi shida a tsawo, a shuka a watan Satumba don masu noman rani su samu dashe a Oktoba.

Ni dai na kusa tafiya, ba zan ci moriyarta ba. Na riga na tanadi sanduna da tsohon gidan sauron da ya yayyage, ba wanda ƙannena ke kwana ciki ba, zan kafa wa Baba ƙarama a bayan gida. Fatana shi ne 'yan ajin da ke bayanmu, ranar da nasu iyayen suka yi masu irin tambayar da aka yi min, su ce, "Baba, kawo irin, na iya."