ƘAFAR BAƘI DA ƘAFAR NASARA, KUƊINSU ƊAYA NE?

Ya ku ƴan'uwa na rassan Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, a karanta wannan takarda a taro, a gaya wa wanda bai zo ba.

Kowa ya san mazan jiya. Faransa ta kwashe su daga ƙauyuka, yawancinsu ba da sonsu ba, ta kai su yaƙin 1914, da na 1939, daga baya Indoshin da Aljeriya. Waɗansu sun komo ba ƙafa, waɗansu ba ido.

Ga yadda ake lissafin kuɗin naƙasasshen soja. Likita ya duba rauni, ya ce kashi kaza ne bisa ɗari. A mai da shi maki, kowane maki da kuɗinsa. In albashin ma'aikatan gwamnatin Faransa ya ƙaru, a ƙara kuɗin maki. To, ran 26 ga Disamba 1959 majalisar Faransa ta yi doka, ta ce sojan ƙasar da ta karɓi mulkin kanta kuɗinsa ya daskare inda yake. Mu kuwa muka karɓi namu ran 3 ga Agusta 1960. Gero ya hau, sukari ya hau, kuɗin gurgu na Faris ya hau, na gurgun Tasawa yana zaune wuri ɗaya. Harsashi dai bai tambayi kowa takardar ɗan ƙasa ba kafin ya shiga jikinsa. Mu mun ce wannan tara ce aka ci tsofaffinmu saboda mun ce muna son ƴanci.

Za a ce ai an gyara. An gyara, amma yaushe? Wani tsohon saje na Senegal, Amadu Diop, ya kai ƙara. Babbar kotun Faransa ta ba shi gaskiya a 2001, alhali yana kabari. A 2007 aka daidaita kuɗin naƙasassu da na Faransawa, sauran fansho sai 2011. Shekara 47 ke nan ana jiran mutuwa ta rage masu karɓa! Bashin shekarun da suka wuce kuwa, ba a maido shi ba. Wani sashi na ƙarin ma sai mutum ya rubuta takarda ya nema. Wa ya kai wannan labari ƙauye? Tsohuwar da mijinta ya mutu, ba ta jin Faransanci, wa ya rubuta mata?

Laifi ba na Faransa kaɗai ba ne. Mu ma mun yi sake, mun bar tsofaffin nan da lambobinsu a ƙirji ranar fareti, kashegari mun manta da su.

Saboda haka kowane reshe ya bi unguwa-unguwa, ya rubuta sunan tsohon soja ko matarsa, da lambar aikinsa, da abin da yake karɓa. A nemo littafin soja tun gara ba ta cinye shi ba. Magatakarda ya taho da takardun taro na gaba.